A Je Kallo Lafiya, a Koma Gida Lafiya

[Kiɗan buɗe shiri]

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Muna gaida mutanen Bungudu da Nahuce da Kwatarkwashi, muna gaida na Gusau da na Tsafe, da direbobin da ke saurarenmu a kan hanyar Sakkwato ko ta Funtuwa. Iyayenmu mata da ke cikin gida, sannunku da aiki. Samari da 'yan mata, ku matso kusa da rediyo, domin yawancin maganar yau taku ce.

Yau za mu yi magana a kan cunkoso. Mu mutane ne masu son taro. Ranar idi muna cika fili, in Mai Martaba Sarkin Fulanin Bungudu ya fito muna cika titi, haka mutanen Gusau in Sarkin Katsinan Gusau ya fito, haka na Tsafe in 'Yandoto ya fito. Ga zagayen Maulidi, ga rufe tafsiri, ga taron siyasa, ga wuraren shaƙatawar da yara ke tururuwa cikinsu da yammacin sallah. Ba wanda zai ce a daina, taro ado ne na gari. Abin da muke so mai sauraro ya riƙe daga shirin nan shi ne: taro ba kasafai yake cin rai a tsakiyar kallo ba. Yana cin rai a bakin ƙofa, da lokacin tashi. Wanda ya san haka ya san inda zai tsaya, ya kuma san lokacin da zai kama hanyar gida.

[Gajeren kiɗa]

Bari mu fara daga nesa, sannan mu dawo gida. A manyan biranen duniya akwai abin da ake kira wasan wuta, wato tartsatsin wuta mai launi iri-iri da ake harbawa sama da dare, musamman a daren sabuwar shekara. Yanzu ma ya shigo mana, ana ganinsa jefi-jefi a wajen manyan bukukuwa. Kallonsa yana da daɗi, amma ya haɗa abubuwan da ke kawo haɗari: dare ne, ga ƙara, idon kowa yana sama ba ya kallon inda yake takawa, kuma da an harba na ƙarshe kowa zai juya a lokaci guda yana neman hanya.

A Abidjan ta ƙasar Kwaddebuwa, daren shiga shekarar 2013, an yi wasan wuta kusa da babban filin wasa na Félix Houphouët-Boigny. An kalla lafiya, an gama lafiya. A hanyar komawa gida ne, cikin duhu, jama'a suka cushe a titi, sama da mutum 60 suka rasu, da yawansu yara. A Kampala ta Yuganda, daren shiga 2023, jama'a suna cikin wata cibiyar kasuwanci mai suna Freedom City, sha biyun dare na yi aka ce a fita waje a kalli wuta. Suka kwasa gaba ɗaya ta wani siririn lungu, aƙalla mutum 9 suka mutu. A garin Akashi na Japan kuwa, ran 21 ga Yuli 2001, wata gadar ƙafa ce ta haɗa tashar jirgin ƙasa da bakin tekun da ake wasan wutar. Masu zuwa da masu komawa suka yi karo a kan gadar, ba gaba ba baya, mutum 11 suka rasu, 9 daga cikinsu yara ƙanana.

Ku lura, a duk wuraren nan uku ba wutar ce ta ƙone kowa ba. Titi ne, da lungu, da gada. Kuma a duka ukun yara da yawa suna cikin waɗanda abin ya rutsa da su.

Mu Musulmin Najeriya ba sai an je da mu Japan ba. Ran 24 ga Satumba 2015, a Mina, ayarin alhazai biyu suka haɗu a mahaɗar hanya suna nufin wurin jifa. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, ƙidayar da kafofin labarai suka tattara daga ƙasashe kuwa ta haura 2,000. Najeriya ta rasa alhazai sama da 270, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Mutanen nan suna cikin ibada ne, ba kallo suka je ba, ba rabo suka je karɓa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa turmutsitsi ba sai ga marasa tarbiyya yake faruwa ba.

[Gajeren kiɗa]

To me ke kashe mutum a cikin cunkoso? Da yawanmu mun ɗauka tattakewa ce. Tattakewa tana faruwa, amma masana harkar taro sun gano cewa mafi yawan waɗanda ke mutuwa numfashi ne ke gagararsu, wasu ma a tsaye suke cikawa. Ga yadda abin yake. Kafin mutum ya shaƙi iska sai ƙirjinsa ya buɗe. In an matse shi gaba da baya, duk lokacin da ya fitar da numfashi sai matsin ya cike gurbin, ya kasa mayar da iska. Cikin ɗan lokaci sai ya suma. In ƙwaƙwalwa ta yi kamar minti 4 zuwa 6 babu iska, ta fara lalacewa ke nan. An sha ganin shingen ƙarfe ya lanƙwashe bayan irin wannan matsi, balle haƙarƙarin yaro ɗan shekara 7.

Masana suna auna cunkoso da yawan mutanen da ke tsaye a murabba'in mita ɗaya, wato fili mai taku ɗaya babba a tsawo, taku ɗaya a faɗi, ya ɗan ɗara sallaya. In mutum 2 ne a ciki, kowa yana walawa. In sun kai 4, an fara gogar kafaɗa, tafiya ta zama jan ƙafa. Daga 5 an shiga haɗari. In suka kai 6 ko 7, mutum ba shi ke tafiyar da kansa ba, taron ne ke tafiya da shi. Wani masani Bajamushe mai suna Dirk Helbing ya yi nazarin hotunan bidiyon cunkoson wurin jifa na Janairun 2006, inda alhazai sama da 340 suka rasu. Ya ga cewa kafin mutane su fara faɗuwa, tafiyar ta fara zama a matsa a tsaya, a matsa a tsaya, daga nan sai taron ya shiga tangaɗi, yana jefa mutane hagu da dama ba da sonsu ba. Wato masifar tana ba da alama kafin ta auku.

Ba wanda zai je idi da abin awo, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ga awon da kowa zai iya yi da jikinsa. In kana iya juyawa ka kalli bayanka ba tare da ka bangaji kowa ba, kana lafiya. In jikin mutane yana taɓa ka ta gefe biyu, fara duba hanyar fita. In ya kai ana taɓa ka ta ko'ina, har ɗaga hannu ka share gumi ya zama aiki, to kallo ya ƙare a wurinka, ka sulale tun ƙafarka tana bin umarninka. Kada ka ce bari in ga wucewar sarki tukuna. Sarki zai sake fitowa baɗi.

Wani abin da ya kamata a sani: na baya bai san halin da na gaba ke ciki ba. Shi yana ganin ɗan sarari a gabansa sai ya matsa, yana zaton layi ne ke tafiya, alhali sararin nan ya samu ne don na gaba sun ƙara matsewa ko wasu sun faɗi. Don haka in kana baya ka ji an ɗaga murya ana cewa “Ku ja baya!”, kada ka tsaya tambayar “Mi ya faru?” Ja baya, ka juya ka faɗa wa na bayanka shi ma. Saƙon da ya bi baki baki har ya kai ƙarshen taro yana ceton rai fiye da ƙarfin 'yan agaji goma a bakin ƙofa.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mu dawo gida mu dubi namu wuraren.

Na farko, filin idi. Shiga ba ta cika zama matsala ba, domin mutane suna zuwa ne a hankali, wani tun hantsi bai yi ba, wani sai liman ya kusa isowa. Fita ce matsala. Da an sallame, wasu ko huɗuba ba sa jira, kowa ya naɗe sallaya ya nufi ƙofar da ya shigo. A bakin ƙofar nan kuwa ga babura an jera, ga mai rake da baro, ga mai ruwan leda, ga almajirai da mabarata a zaune a ƙasa, ga mota tana ƙoƙarin juyawa. Ƙofar da za ta ɗauki mutum shida a jere ta koma ta mutum biyu. Dattijo mai sanda ya zo wucewa, na bayansa ya taka masa gefen babbar riga, ya yi tangal-tangal. In Allah ya sa akwai sarari, dariya za a yi a ce “Sannu Baba.” In babu sarari, shi ne farkon abin da ba a fata.

Addininmu ya riga ya nuna mana hanya. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yakan koma gida ranar idi ta wata hanya daban da wadda ya bi ya je. Malamai sun faɗi hikimomi da dama a kan haka, cikinsu har da rage cunkoso. A hajjin ban kwana kuma, da jama'a suka taso daga Arfa suna gaggawa, ya umarce su da natsuwa. Ya kuma yi wa masu rauni, mata da yara, izinin barin Muzdalifa tun da dare kafin taro ya motsa. Uwar Muminai Sauda tana cikin waɗanda suka nemi wannan izini aka ba su. Saboda haka wanda ya zauna ya saurari huɗuba, ya bar masu gaggawa suka wuce, sannan ya bi wata hanyar zuwa gida, ya samu lada ya kuma tsare lafiyarsa.

Na biyu, hawa. A wasu shekarun akan dakatar da shi saboda halin tsaro, amma duk shekarar da aka yi, jama'a kan fito da ƙishirwar kallo. Waɗansunmu kuma har Kano ko Katsina ko Zariya suke tafiya, musamman Hawan Daushe na Kano, wanda yake cikin bikin hawan da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024. A wurin hawa haɗarin biyu ne: ga mutane, ga dawaki. Doki dabba ce mai firgita. In masu bindigogin gargajiya suka saki wuta, ko mahaya suka taho a sukwane za su yi jahi, sahun gaba yakan ja baya da ƙarfi a lokaci guda, alhali sahun baya yana turowa don ya gani. Wanda ke tsakiya shi ke shan matsi. In kuwa bayanka katanga ce ko lambatu, ba ka da wurin ja. Kada a tsaya a bayan doki, kada a tsallaka titi tsakanin tawaga da tawaga, kada yara su hau tsohuwar katangar ƙasa ko rufin rumfa, domin ba a gina su don ɗaukar mutum ashirin ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mana rai a 'yan shekarun nan, shi ne wurin rabo. A Fabrairun 2020, a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, kimanin mutum 20 suka rasu wurin rabon tallafi ga 'yan gudun hijira, akasarinsu mata da yara. A azumin 2024, mata sun rasa rayukansu wurin rabon zakka a Bauchi. A Disamban 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a wani bikin yara a Ibadan inda aka yi alkawarin raba kuɗi, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra wurin rabon shinkafa, mutum 10 a wata majami'a a Maitama ta Abuja. A irin waɗannan wurare labarin kusan ɗaya ne: an yi shela, mutane sun taru tun asuba a bayan rufaffiyar ƙofa, abin rabon bai kai yawan jama'a ba kuma kowa ya san haka, sai aka buɗe ƙofar. Mu nan Zamfara, da garuruwanmu suka cika da 'yan uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Mai jin yunwa ba a ce masa kada ya zo. Mai rabo ne za a ce wa ya gyara tsarinsa, kuma za mu zo kansa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da halin da muke ciki. Kunnen mutumin Zamfara a yau a tsaye yake. Ƙarar nokawut ɗaya, ko salansar babur ta buga, ko wani ya yi ihun “Ga su nan!”, ya isa ya tarwatsa kasuwa. A Bagadaza, ran 31 ga Agusta 2005, jita-jitar cewa akwai ɗan ƙunar baƙin wake a cikin masu ziyara ta sa mutum sama da 900 suka mutu a kan wata gada, ba tare da bam ya tashi a kan gadar ba. Samari, don Allah, wasan nokawut a cikin taro ba wasa ba ne a garin da mutane suka san ƙarar bindiga. Iyaye, kuɗin barka da sallah da yaro zai saya abin fashewa da shi, gara ya sha alewa. Wanda kuma ya ji ƙara, ya dubi inda jami'an tsaro da 'yan agaji suke kafin ya zura da gudu, kada ya yaɗa abin da bai gani da idonsa ba.

[Kiɗa]

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne kuke saurare, muna magana a kan yadda za a kare kai daga turmutsitsi. Yanzu ga abin da mutum zai yi da kansa.

Shiri daga gida yake farawa. A 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne a lokacin zafi, rana tana iya kai maki 40 a ma'auni. A sha ruwa kafin a fita, a riƙe wani a hannu, domin wanda jiri ya kwasa a cikin taro shi ne farkon faɗuwa. A sa takalmin da ya kama ƙafa. Uwa, ki rubuta sunan yaro da unguwarku da lambar wayar babansa a 'yar takarda, ki sa masa a aljihun sabuwar rigarsa. Ki nuna masa masu kakin 'yan agaji ko 'yan Hisba ko 'yan sanda, ki ce in ka ɓace wurin waɗannan za ka je. Ku yanke wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wurin da kowa ya sani kuma yake wajen taro, domin waya takan ƙi shiga a inda mutane suka yi yawa. Kuma kada a haɗa yara biyar a ba 'yar shekara goma sha biyu ta kai su kallo. Ita ma yarinya ce.

Maganar goyo kuwa sai an yi haƙuri da mu. Jaririn da ke bayanki ba kya ganin fuskarsa, kuma duk turin da ya taho daga baya a kansa yake fara sauka. In da hali, a bar shi gida wurin kaka. In kuwa cunkoso ya rutsa da ke da goyo, ki juyo da shi gaba, ki ɗaga shi sama daidai kafaɗarki, ki yi masa shinge da hannuwanki. Maza, in kun ga mace da goyo ko ƙaramin yaro a cikin matsi, ku ɗaga yaron sama, ku buɗa mata hanya. Yaro gajere ne, a ƙasa yake inda iska ta fi ƙaranci, kuma ba a jin kukansa.

In ka isa wuri, kafin ka kalli abin da ka zo kallo, dubi hanyoyin fita. Ka nemi ta biyu ban da wadda ka shigo. Ka zaɓi gefe, inda bayanka yake a buɗe. Wanda ke gefe yana ganin kusan duk abin da na tsakiya ke gani, balle wasan wuta da yake a sama, ana hango shi daga nesa ma fiye da kusa. Lokacin tashi kuma zaɓi biyu ne: ko ka riga jama'a da 'yan mintoci, ko ka zauna ka ba su rubu'in awa su ragu. Abin gudu shi ne tashi tare da kowa.

To in duk da haka ka tsinci kanka a tsakiyar matsi fa? Abu na farko, tsaya da ƙafarka, ka ɗan ware su, ɗaya gaba ɗaya baya. In takalminka ya cire, ko hula, ko waya ta faɗi, bar su. Wanda ya sunkuya a cikin matsi da wuya ya sake miƙewa. Na biyu, ɗaga hannuwanka ka dunƙule su a gaban ƙirji, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Wannan ɗan sararin da ka ƙwatar wa ƙirjinka shi ne numfashinka. Na uku, kada ka ɓata iska wurin ihu da zagi. Na huɗu, kada ka yi kokawa da taro. Duk wanda ya taɓa iyo a gulbi da damina ya san ba a tunkarar igiyar ruwa gaba da gaba, bin ta ake yi ana karkatawa har a kai gaɓa. Haka za ka yi: in turi ya zo ka bi shi, in ya lafa ka ɗan matsa gefe, taku ɗaya, taku biyu, har ka fita. Ka nisanci katanga da shinge da jikin mota, domin a nan matsi ke taruwa. In wani ya faɗi kusa da kai, ɗaga shi nan take, don ramin da ya bari zai ja wasu su faɗa kansa, har da kai. In kai ne ka faɗi kuma tashi ya gagara, juya ka kwanta a gefenka, ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ka kare kanka da hannu. Kada ka kwanta rigingine ko rubda ciki.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu ga masu shirya taro: kwamitocin filin idi, 'yan majalisar sarakunanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, masu wuraren wasan yara, 'yan siyasa, da masu hannu da shuni da ke fitar da zakka. Da girmamawa muke cewa, kaso mafi girma na wannan aiki a wuyanku yake. Mutumin da ke tsakiyar taro ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa. Ku ne kuke da ikon ƙofa da lokaci.

Ku dubi abin da Saudiyya ta yi bayan 2006. Ta rushe tsohuwar gadar jifa ta gina mai hawa-hawa, ta raba hanyar shiga da ta fita, ta tsara wa kowace tawaga lokacinta. Manyan wuraren shaƙatawa irin na Disney a Amurka, da suke wasan wuta kusan kowane dare, suna shata hanyar wucewa a ƙasa da ba a yarda kowa ya tsaya a kai ba, ma'aikata suna nuna hanya da fitila a hannu, kuma ana barin kantuna a buɗe bayan an gama don kada kowa ya fita a lokaci guda. Ba duka ne ke buƙatar kuɗi ba. Igiya, da lasifika, da mutum ashirin da aka yi wa bayani tun jajibiri, suna yin aiki mai yawa.

A buɗe dukkan ƙofofi tun kafin a sallame, a kuma tsayar da mutum a kowace. A kawar da babura da masu talla daga bakin ƙofa, a ba su wuri can gefe. Mata da yara su samu tasu hanyar. A ɗora mutum ɗaya a wuri mai tudu da lasifika, aikinsa kawai ya kalli taro, in ya ga wuri ya fara tangaɗi ya tsayar da masu shigowa. A zauna tun da wuri da 'yan sanda, da jami'an Sibil Difens, da ZAROTA, da Hisba, da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanul Islam, kowa ya san inda zai tsaya. Kuma a ja kunnen masu tsaro: bulala a kan sahun gaba ba ta mayar da taro baya, domin na gaba ba shi ke turi ba, dukansa kawai zai sa ya faɗi. Mai wurin wasan yara ya san adadin da wurinsa ke ɗauka, in ya cika ya dakatar da sayar da tikiti.

Mai rabon zakka ko tallafi, Allah ya saka maka da alheri, amma kada ka yi shela ka tara gari a ƙofar gidanka. Bi ta hannun masu unguwanni da limamai, a rubuta sunaye, a ba da kati, a raba wurare da ranaku, ko a kai wa mutane har gida. Kada a watsa kuɗi sama a cikin jama'a. Bayan abin da ya faru a Disamban 2024, rundunar 'yan sandan Najeriya ta gargaɗi masu irin wannan rabo da su riƙa sanar da ita kafin su tara mutane. Sadakar da aka kai wa bazawara cikin ɗakinta ta fi kusa da sirrin da addini yake so, kuma ba ta jawo wa kowa zaman makoki.

In kuwa abin ya riga ya faru, a fitar da wanda ya suma zuwa sarari, a ba shi iska, kada a yi masa rumfa da kawuna ana ɗaukar hoto. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki, zai iya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota. Wanda aka matse sosai, ko ya tashi da ƙafarsa ya ce ya warware, a kai shi asibiti a duba shi, domin rauni na ciki ba ya nuna kansa nan take. Akwai babban asibiti a Bungudu da Tsafe, a Gusau kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Saboda haka ga aikin da muke bar muku kafin taro na gaba. Maigida ya zaunar da iyalinsa ya gwada musu yadda ake kare ƙirji da hannu, ya kuma yanke musu wurin haɗuwa. Limami ya ɗauki minti biyu a huɗubar Juma'ar da ke gaban sallah ya tuna wa jama'a. Ɗan kwamiti kuma ya taka da ƙafarsa zuwa filin idi tun ana saura kwanaki, ya ƙirga ƙofofin, ya tabbatar kowace tana buɗuwa.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Allah ya zaunar da jiharmu lafiya, ya tsare mana yaranmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]